Madobiyar Kan Kabarin Mama

Esta na cikin shagonta na ɗinki a Nukkai, ta ɗora ƙafa kan keke, amma hankalinta na kan waya. Da safe ta tura sabon hoto a guruf ɗinsu na masu ɗaukar hoton itatuwa da furanni: madobiyar da ke bakin gonarsu a bayan Sunkani, ta zubar da ganye kaf, ta yi fure rawaya shar. A gindinta aka binne mahaifiyarsu.

Yabo ya fara zuwa, amma na Tobiya take jira, mai situdiyo a Sintali, wanda bai taɓa ganin hoto ya rasa aibinsa ba. Ko rana ta yi yawa, ko sama ta cinye rabin hoton. Sai ga kiransa.

"Oga Tobiya, yau kuma me na ɓata?"

"Bar maganar hoto. Buɗe shi, ki jawo gindin itacen kusa. Me kika gani?"

Ta ja da yatsu biyu. Sara ne na adda, ɓawon ya ɗaye, an shafa shuɗin fenti a kai. Ranar Asabar da ta leƙa gonar a gurguje, furen kawai take kallo.

"Alamar 'yan katako ce," in ji Tobiya. "Madobiya ita suke kira madrid. In kin ga fenti, an gama ciniki. Wa kika nuna wa wurin?"

Nan take ta tuna. Rufus! Wani sabon shiga guruf, wanda ya bi ta ta bayan fage yana zuba mata yabo tun hotonta na farko. Shi ya ce hoton itace ba ya kyau sai an sa mutum ya rungume shi, don a ga girmansa. Ta sa ƙanenta Paul ya rungume, hannuwansa ba su haɗu ba, suna ta dariya. Shi ya ce ta ja baya ta ɗauko tun daga gindi har reshen farko. Shi ya tambayi hanya, wai zai je ɗaukar tsuntsaye.

"Yesu!" Tobiya ya yi salati irin nasu. "Awo ya sa kika yi masa, Esta. Kauri da tsawo, har da hanyar mota!"

Ko shagon ba ta rufe ba. Ta kira Paul, ba sabis. Ta nemi Rufus, ya fice daga guruf, lambarsa a kashe. Ta faɗa motar Sunkani, daga can ta hau mashin, tana dukan kafaɗar mai mashin ya ƙara wuta.

Tun kafin su kai rafi ta ji kukan injin yankan katako.

Ta dire da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Maza uku, tifa a gefe, garin katako ja ya rufe simintin kabarin. Paul na tsaye ya harɗe hannu, idonsa jawur.

"Ku tsaya! Ku kashe injin nan!"

Injin ya mutu. Ta shaƙo wuyan rigar Paul.

"Itacen Mama ka sayar? Kai mutum ne kuwa?"

"Ni?" Ya fizge. "Adda, ba ke kika turo su ba? Sun nuna mini hoton da kika ɗauke ni, suka ce kin gama magana, hannu kawai zan sa. Kwana na yi ina kuka, amma ke ce babba. Ya zan yi?"

Ta sake shi. Ta juya wajen mazan.

"Ina Rufus?"

"Wane Rufus?" in ji mai injin, wani ƙato mai tawul a wuya. "Madam, mu aiki aka ba mu. Oga yana Jalingo."

"To aikin ya ƙare. Ku kwashe kayanku."

Ya share gumi, ya nuna mata gindin. Yankan ya wuce rabi, jan ruwa na tsiyaya daga bakinsa kamar jini.

"Mu tafi ba wahala. Amma wannan ya riga ya mutu. Iska kaɗan, zai faɗi da kansa, kuma duba inda ya karkata."

Ta ɗaga kai. Kan kabarin ya karkata, daidai kan gicciyen. Can sama wani abu ya yi ƙara, furanni suka zubo mata a ka.

"In na ƙarasa da igiya, zan kwantar da shi inda kike so. In na bari, sai abin da Allah ya yi. Ki zaɓa, Madam, ba lokaci."

Paul ya kama hannunta. "Adda, ki yi magana."

Ta dubi sunan mahaifiyarta a jikin siminti. Sannan ta ɗaga hannu, ta nuna wajen rafi.

"Can. Kuma ko reshe ɗaya ba zai hau motar nan ba."

Mai injin ya jefa wa yaransa igiya, ya ja wayar tada inji.