Fayafayan da Turai Ta Tsinto

Turai ta shekara tara tana girki a wani gida a unguwar Nasiriyya, cikin Riyad, kafin Allah ya ba ta ikon samo wa ƙaninta Idrisu hanyar zuwa. Aka ba shi tuƙin motar ɗaga kaya a wani sito a Sulai, can inda ma'aikata ke kwana su shida a ɗaki. Matarsa Ikilima da 'ya'ya biyu suna Funtuwa. To, zaman Saudiyya ga baƙo, iƙama, wato takardar zama, ita ce ransa. Ko uwarka aka zaga, ka mayar da hannu baya, ka ce "ma'alesh," wato ba komai, ka wuce. Wannan karatu Turai ta biya wa Idrisu har ya gaji da ji.

Wata rana ɗan masu gidan zai tafi karatu waje, ya fitar da kwali cike da fayafayan fim ya ce a zubar. Turai ba ta karanta Turanci. Ta dai ga samari da gyale mai launi a wuya, ga filin ƙwallo a bayansu, ta ce kai, ga abin ɗebe wa Idi kewa, yaron nan tun yana rarrafe ƙwallo ce a gabansa. Lokacin kuwa ko gidan sinima ɗaya babu a garin. Ta ƙulle guda bakwai a leda ta ba direban gida ya miƙa masa.

Ashe ba ƙwallo ba ce a ciki. Finafinan Ingila ne na magoya bayan ƙwallo masu haɗa ƙungiya su tare juna a lungu, da kwalabe da duwatsu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka cika ɗakin su Idrisu, mutum goma sha biyu a gaban talabijin guda.

"Wai ina ƙwallon?" in ji Baba Maiwada, dattijon mai gadin sito. "Rabin awa muna zaune, ban ga an buga ko sau ɗaya ba."

"Baba, kan mutane ake bugawa," in ji Buraima, mutumin Maraɗi, abokin ɗakin Idrisu. Aka kwashe da dariya.

Wani ya ce, "Ashe Turawa ma suna da 'yan daba! Su da suka ƙoshi? Wancan mai jan kunnen, ka ga alamar yunwa a jikinsa?"

"Ƙoshin ne ya yi musu yawa."

Kowa dariya yake, ban da Idrisu. Ya matso kusa, ya tallabe haɓa. Da aka zo inda aka kayar da wani, 'yan'uwansa suka juyo da gudu suka ɗauke shi, sai ya ce a mayar baya.

"Ku duba fa. Ba wanda ya gudu. Mu nan ko faɗuwa ka yi a titi, kowa iƙamarsa zai dafe ya tsallake ka."

"Ɗana," in ji Baba Maiwada, "su garinsu ne. In an kama su, gobe uwarsu ta kai musu abinci. Kai wa zai kai maka?"

Daga nan duk Juma'a sai an saka. Sauran suka gaji suka koma karta, Idrisu kuwa ya haddace har waƙar da suke rerawa, ba tare da ya san me take cewa ba. In Turai ta kira, sai ya ce, "Yaya, Allah ya saka. Kin raba ni da zaman shiru." Ita kuma ta ji daɗi, har ta riƙa ba wa sauran masu aiki labari.

Akwai wani fili bayan sitocin inda suke buga ƙwallo da la'asar. Ran nan suna wasa da ma'aikatan wani gareji, wani ƙato ya sa wa Buraima ƙafa, ya faɗi, ƙaton kuma ya tsaya a kansa yana dariya. Abin da aka saba, a ɗaga wanda ya faɗi, a ce ma'alesh, a ci gaba. Buraima ma har ya fara kaɗe wando. Sai ga Idrisu daga can baya da gudu, yana ihu, "Ku taho! Ku taho!" Naushi ɗaya ya fasa wa mutumin hanci.

Ya waiga. Ba wanda ya taho. Motar askarawa, 'yan sandan sintiri, ta riga ta karyo kwana, mutane sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Buraima ya haura katangar sito da takalmi ɗaya.

Idrisu aka kama, kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Mai hancin ya yafe, Baba Maiwada ne ya je ya roƙe shi. Amma kafilin Idrisu, mai siton da iƙamarsa ke hannunsa, ya ce shi ba ya riƙe mai faɗa. Turai ta roƙi uwar ɗakinta ta sa baki, aka buga waya sau biyu, kafilin ya ce ya riga ya buga masa takardar fita ba dawowa.

Ranar tafiya aka ba Turai awa biyu. Ta same shi a Filin Jirgin Sarki Khalid, da jaka guda, ya rame. Buraima na tsaye nesa kaɗan, ya kasa matsowa.

"Idi, ni na jawo maka," ta ce. "Da na bar su a shara."

"Haba Yaya. Mu goma sha biyu muka kalla."

"Da na nemi wani ya karanta mini."

Ya girgiza kai, ya yafito Buraima. "Zo nan, sarkin tsalle. Ina ɗaya takalmin?"

Buraima ya yi yaƙe, idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi Idrisu, 'ya'yana huɗu..."

"Na sani. Kai ne ka yi daidai."

Aka kira jirginsu. Ya ɗauki jaka, ya yi taku biyu, ya dawo ya rage murya.

"Yaya, Ikilima ba ta sani ba. Na ce mata wayata ce ta lalace. Ki kira ta kafin in sauka, ki ce aikin ne ya ƙare. Kar ki ce mata fim."

Turai ta tsaya har ya shige. A mota ta lalubo lambar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta danna.

"Yaya Turai!" Muryar Ikilima tas, yara na hayaniya a bayanta. "Lafiya kuwa? Kwana biyu ba na samun Baban Amir."

"Lafiya lau, ƙanwata," in ji Turai. "Ki share ɗaki. Gobe zai iso."

"Hutu aka ba shi? Kai, alhamdulillahi! Wata nawa?"

Turai ta dubi titi. "In ya zo," ta ce, "zai faɗa miki."