Makunnai Biyu na Farfesa Maeng

Jirgin ƙasa bai gama fita daga Seoul ba Farfesa Maeng Gi-cheol ya shanye kofinsa, ya miƙa wa Pyo Eun-bi kofin takardar ko kallonta bai yi ba. Ta karɓa da hannu biyu. Sai da ta kai shi kwandon shara ta dawo sannan ta tuna ita yanzu lauyar ƙirƙira ce mai lasisi, ta bar ɗakin gwajinsa da daɗewa. Amma hannu ya riga ya saba.

"Eun-bi, wane yaro ne ma za mu gani?"

"Mai bincike Gil ne, Farfesa. Ya ba hamsin baya."

"A ina ya yi karatu?"

Ta faɗa masa. Ya hura iska ta hanci, ya rufe ido, zancen ya ƙare.

Ita kuwa barci ba nata ba ne. Sau biyu mai bincike Gil na ofishin rajistar ƙirƙira yana dawo musu da takardar neman mallakar wata ƙirƙira ta ɗakin gwajin Farfesa, zaman yau a Daejeon shi ne na ƙarshe kafin ya buga mata hatimin ƙi. Kamfaninsu ya ɗora mata aikin ne don ita tsohuwar ɗalibar Farfesa ce, kuma duk takardun ɗakin gwajinsa ta hannunsu suke bi. Shugaban sashenta, Lauya Bang, ya ce mata jiya yana sakace haƙori: "Ki dawo da takardar, ki dawo da tsohon. Ko ɗaya kada ki yar a hanya."

Abin da aka ƙirƙiro ba shi da wuyar faɗa. A cikin na'urar cajin motar lantarki akwai makunnai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna karɓa-karɓa da saurin da ido ba ya gani. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san ba a kunna su tare, in aka yi wuta ta bi ta tsakaninsu ta ƙone allon na'urar. To, ɗaliban Farfesa sun ƙona alluna har sun gaji, daga ƙarshe suka gano in aka bar su a kunne tare na ƙiftawa ɗaya, da wata naɗaɗɗiyar waya a gaba tana shanye ambaliyar, na'urar ba ta ƙonewa, sai ma ta rage zafi. Sunan Farfesa ne a farko a takardar, kamar kullum.

Mai bincike Gil ya ce abu biyu. Ya ce bayanin yana da hazo, sannan ya ce ƙirƙirar a fili take, kowane matsakaicin ma'aikaci zai iya hango ta.

Eun-bi tana da amsar na biyun a jakarta, amsa mai bango shuɗi da nauyin bulo. Littafin Farfesa ne, wanda kowane ɗalibin lantarki a ƙasar ya haddace. A babi na makunnai ya rubuta da kansa cewa kunna su tare ba dabara ba ce, jahilci ne, kuma babu naɗin wayar da zai ceci mai yin haka. In har babban malamin fannin ya ce abu ba zai yiwu ba, yaya za a ce a fili yake? Makon jiya ta je ofishinsa ta roƙi izinin kafa hujja da shafin. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Kada ki kuskura." Ta ce to. Duk da haka da safe ta saka littafin a jaka, ita ma ba ta san dalili ba, ko kuwa ta sani ba ta son ta sani.

Ɗakin ganawar ba shi da taga. Mai bincike Gil ya shigo da silifas na ofis, siriri ne mai furfura a gefen kunne, da alamar man goge baki a kusurwar leɓensa don yanzu aka dawo daga cin rana. Aka yi musayar kati da hannu bibbiyu. Farfesa ya karɓi nasa ya ajiye a kife. Gil ya gani, ya yi kamar bai gani ba, ya zuba musu ruwan sha'ir a kofunan takarda.

Doka ta ƙagi wani mutum da ake auna kowace ƙirƙira da shi: ya karanta duk abin da aka taɓa bugawa a fannin, amma shi kansa ko allura bai taɓa ƙirƙirowa ba. Tun tana karatu Eun-bi take tunanin yadda fuskarsa za ta kasance. Ga shi yau a gabanta, da silifas.

"Mu fara da mai sauƙin," in ji Gil, yana bin layi da jan biro. "'Na ɗan taƙaitaccen lokaci.' Lauya Pyo, matata ma in za ta shiga kasuwa haka take ce mini. Sai in ci abinci, in yi barci, in farka ba ta fito ba. Taƙaitaccen wa?"

"Mun gyara, yallaɓai. Ga shi. Lokacin ba zai kai wanda wayar ke ɗauka kafin ta ƙoshi da wuta ba, kuma mun sa yadda ake auna shi."

Ya karanta, ya sake karantawa, kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. Bai samu ba, ya ɗan ɓata rai.

"To, wannan ya zama magana. Da tun farko haka kika rubuta da ba mu ɓata wa juna takarda ba."

Sai ya jawo tsofaffin takardu biyu ya jera su a tebur, ɗaya ta Japan ɗaya ta Jamus.

"Wannan tana da naɗin wayar. Wannan tana wasa da lokacin makunnan. Ku kun ɗauko wannan kun ɗora kan wannan. In mutum ya zuba shinkafa da ruwa a tukunya ya kunna wuta, ba a ba shi lambar yabo don ta dahu."

"Yallaɓai, ta Jamus nisanta makunnan take yi, don kada su haɗu ko kusa. Mu haɗa su muka yi da gangan. Babu mai hankalin da zai bi wannan hanya, kowa tsoronta yake ji."

"Kowa," Gil ya maimaita. "Kullum ana kawo mini wannan kowan, ban taɓa ganin sa hannunsa ba. Kawo mini shi a rubuce."

Jakar tana jingine da ƙafarta. Ta ji nauyin littafin a idon sawunta. Ba ta taɓa jakar ba.

Gil ya juya ga Farfesa, ya sassauta murya, har da ɗan rusunawa. Eun-bi ta san wannan rusunawar, ta mai ɗana tarko ce.

"Farfesa, ku ne manya a wannan fanni, mu almajiran takarda ne kawai. Ku da kanku, abin nan ya ba ku wuya?"

Amsar da ake so kalma ɗaya ce. Ta faɗa masa a jirgi, ta faɗa masa a tasi: in an tambaye ku, ku ce ya yi wuya ƙwarai. Amma ta manta ba a taɓa jin Maeng Gi-cheol ya ce wani abu ya ba shi wuya ba, balle a gaban mutumin da ya yi karatu a makarantar da ya hura wa hanci.

"Wuya?" Farfesa ya yi dariya. "Ni?"

Ya gyara zama, ya buɗe maɓallin kwat. Eun-bi ta san wannan alamar, haka yake yi in zai fara lacca.

"Ɗan'uwa, duk wanda ya fahimci yadda wuta ke gudana, kallo ɗaya zai yi wa zanen nan ya gani. Abin a tafin hannu yake. Ni tun tuni na san da shi, lokaci ne ban samu ba."

Jan biron ya fara tafiya a kan takardar ganawa.

"Tun tuni," in ji Gil a hankali. "A tafin hannu. Ku ci gaba, Farfesa, ina ƙaruwa."

Eun-bi ta yi tari. Ta ɗauki butar ta ƙara wa Farfesa ruwan sha'ir a kofin da ko kurɓa bai yi ba, har ya kusa zuba. Bai ko dube ta ba. A duk shekarun da ta yi a ɗakin gwajinsa ba ta taɓa ganin wanda ya katse shi ba. An taɓa yin wata rana da allon wata na'ura ya kama hayaƙi a bayansa yana magana, ɗalibai suka tsaya suna kallon hayaƙin har ya kai aya. Ita ma tana cikinsu. Har yau in ta tuna, ba shi take rainawa ba kamar yadda take raina su.

"Kai, ɗan aji ɗaya ma," in ji Farfesa, "in ka ba shi waɗannan takardu biyu na gabanka, ka kulle shi a ɗaki, kafin shayi ya huce zai..."

"Ba haka ba ne."

Muryar ta fito siririya, sai da ta ji ta a kunnenta sannan ta gane tata ce. Biron ya tsaya. Farfesa ya juyo da dukan jikinsa, bakinsa a ɗan buɗe, ragowar maganar tana ciki.

"Ku yi haƙuri, Farfesa. Ba haka ba ne." Zip ɗin jakar ya ƙi buɗewa, sai da ta ja sau biyu. Ta ɗora littafin a tebur, ta buɗe shafin, ta juya shi ya fuskanci Gil. "Yallaɓai ya ce in kawo kowa a rubuce. Ga shi."

"Eun-bi," in ji Farfesa, can ƙasa.

Ba ta kalle shi ba. Gil ya gyara tabarau. Da ya karanta a zuci da ya isa, amma ina. Ya karanta a fili, yana jan kowace kalma kamar mai tsotsar ƙashi.

"'Ba dabara ba ce, jahilci ne. Babu naɗin wayar da zai ceci mai yin haka.'" Ya juya bangon ya duba sunan, sai ka ce bai san shi ba. "Af. Ai da wannan littafin na ci jarrabawa, a 'yar makarantarmu ta ƙauye. Wannan layin har jan layi na yi masa."

Wuyan Farfesa ya yi ja tun daga kwala har kunne.

"To, Farfesa, ku taimake ni," in ji Gil, biron yana sama. "Takardar nan tawa ba ta ɗaukar magana biyu. In rubuta abin da kuka faɗa yanzu, cewa ɗan aji ɗaya zai iya, sai in rufe fayil mu tafi gida. Ko kuwa in rubuta abin da kuka buga, cewa ku da kanku kun ce ba zai yiwu ba. Wanne?"

Eun-bi ta kafa ido a kan kofin da ta cika. Ta san yana iya zaɓar na farkon. Ta san shi sarai, yana iya jefar da wahalar ɗalibansa duka a rijiya don kada ya ce ya yi kuskure.

Farfesa ya mayar da maɓallin kwat ɗinsa, sai da ya lalube ramin.

"A bugu na gaba za a gyara shafin," ya ce da bango.

"Wato a lokacin ba ku hango ba."

"Na ce za a gyara."

"Na gode, Farfesa." Gil ya ja layi ɗaya mai tsawo a kan abin da ya rubuta ɗazu, ba gaggawa. "Lauya Pyo, ki turo gyaran tare da hoton wannan shafi. Ki sa sunan marubucin ya fito sosai. Ban ga abin da zai hana ta wucewa ba."

Ta rusuna ta yi godiya. Gil ya ceci takardarta, amma ba ta ji ta rage raina shi ko kaɗan ba. Ba don ƙirƙirar ya yi ba, katinsa da aka kife yake ramawa.

Suka mayar da katin baƙi a ƙofa. Ta yi gaba da sauri ta tsayar da tasi, ta buɗe masa ƙofa. Dama sun shirya za su ci taliyar kalguksu kusa da tasha kafin jirgi, shi ya ce ba a zuwa Daejeon a koma ba a ci ba. Ya shiga ya zauna a tsakiyar kujera, ya riƙe ƙofar da kansa.

"Lauya Pyo," ya ce. Bai taɓa kiranta haka ba. "Wa ke shugabantar sashenku?"

"Lauya Bang ne, Farfesa."

"Ki ce ya kira ni."

Ƙofar ta rufe. Ta rusuna, ta ci gaba da rusunawa har motar ta sha kwana, kamar yadda aka koya mata, ga littafin a hammata don ba ta sami mayar da shi jaka ba. Da ta miƙe wayarta tana ta zillo a aljihu. Lauya Bang ne, da ƙarar cokula a bayansa.

"Yaya? Mun samu?"

"Mun samu. Za ta wuce."

"Kai, madalla da 'yar gari! Na san za ki iya. Tsohon fa, ya ji daɗi?"

Eun-bi ta dubi titin, tasi sai wucewa suke, duk iri ɗaya.

"Ya ce ka kira shi," ta ce.