Akushin da Ya Kwana a Buhu

Da aka zo faɗaɗa titi, aka sare mangwaron da mahaifiyarmu ta dasa a ƙofar gida. Gungume uku na tsira da su. Ni ba masassaƙi ba ne, tsohon direba ne da ya ajiye sitiyari ya sayi gizago don kada zama ya tsufar da shi. Duk da haka na yi wa ƙanwata alkawarin akushi daga itacen, don ita ta fi kowa kuka ran da aka sare shi.

Na farko na fafe shi da ɗanyensa na shanya a rana. Kafin yamma ya tsage har gindi. Na biyu na kai baranda, inda iska ke kaɗawa. Shi ma ya wangale baki.

Saura ɗaya. Na fafe cikinsa, na bar shi da kauri, na rasa inda zan ajiye. Ana haka aka kwantar da ɗana a asibiti a wani gari. Na bar komai a rumfa na tafi, sai bayan makonni na dawo, yaro ya warke.

Na tarar da rumfar an share ta tas. Ba ɓaraguzan sassaƙa, ba akushi. Na nufi wajen matata.

"Ke tsohuwa, ina kayana?"

Matata tana shanya, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Waɗanne kaya kuma, sarkin sassaƙa? Sharar da ta hana mutum wucewa?"

"Akwai akushi a ciki!"

"Wannan akushi ne? Na zaci turmin aljanu ne. Duk na tura a buhu, yana bayan ƙofar ɗakin ajiya. Da ma don hura wuta na tanade shi."

Na je na kwance buhun. Ga shi a tsakiyar ɓaraguzai. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, na ɗaga a haske. Ya bushe, ya yi sauƙi, ko tsagar gashi babu.

Nan na zauna a ƙasa na gane. Ɗanyen itace in bayansa ya riga cikinsa bushewa, sai ya tsage. Ɓaraguzan nan masu laima su suka lulluɓe shi, ya sha iska kaɗan-kaɗan.

"Allah ya yi miki albarka," na ce.

"Yau kuma? Ɗazu fa kamar ka cinye ni."

"Na janye. Faɗi abin da kike so."

"Ludayi. Amma na mutane."

Na rage kaurin akushin da wuƙa mai kaifi, ina bin jijiyar itacen, na goge, na shafa mai. Da na kai wa ƙanwata, ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana shafawa.

"Yaya, da hannunka ka yi?"

"Ni da tsintsiyar matar yayanki," na ce.