Ta'aziyyar Mai Rai

Sau biyu zuciyar maigidana Leland tana tsayawa, sau biyun kuma 'yan kwana-kwanan unguwarmu, masu motar agajin marasa lafiya, su ne suka tayar da ita. Ofishinsu na ƙarshen layinmu, kafin ka ajiye waya sun iso. Shi ya sa da magajin garinmu ya fara kulle ofishin ranakun Asabar da Lahadi, ya ce baɗi zai rufe shi gaba ɗaya a riƙa zuwa daga ƙetaren kogi, na san mijina aka yanke wa hukunci. Gadar kogin nan in dusar ƙanƙara ta sauka, sai mota ta wuni a kanta.

Ana cikin haka Curtis Haldane ya fito takarar magajin gari. Yaron layinmu ne, da hannuna na sha share masa majina. Ya zo ya zauna a barandarmu, ya sha kofi, ya dubi Leland da tukunyar iskar numfashi da yake ja, ya dafa ƙirji ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa ofishin nan. Ni kuwa uwar zaƙewa, na kafa allon takararsa a ciyawar ƙofar gida, na bi unguwa gida-gida ina ƙwanƙwasa ƙofofi, karnuka na haushina, har gwiwata ta kumbura.

Ya nemi izinin ba da labarin Leland a taruka, muka ce ya je ya yi. A zauren coci ya faɗe shi daidai. A wurin karin kumallon 'yan fansho sai ga Leland ya zama tsohon soja, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar taya, ko bindigar farauta bai taɓa riƙewa ba. Muka yi dariya. Ranar muhawara a talabijin kuwa, Curtis ya sunkuyar da kai, muryarsa na rawa, ya gaya wa gari kaf cewa Leland Wojcik ya rasu wata Lahadi yana jiran motar asibiti.

Leland na zaune kusa da ni yana ɓare lemo. Ya juyo ya ce, "Geraldine, yaushe na mutu ba ki gaya mini ba?"

Washegari kwanukan abincin ta'aziyya suka fara isowa. Taliya da cuku, dankali da nama, kowanne an lulluɓe shi, an liƙa sunan mai shi a gindi don a mayar. Tsofaffin abokan aikinsa, matan wasu coci-coci, har da wata da ban taɓa gani ba, ta rungume ni tana kuka. Leland na ɗaki, ya toshe baki da matashi don kada tari ya tona shi. Kafin in yanke shawarar abin yi, Paige ta iso, yarinyar da ke tafiyar da kamfen ɗin, waya biyu a hannu. Ta ce kuskuren baki ne, Curtis ya ji kunya ƙwarai, amma mutane sun girgiza, ƙuri'a na ta karkatowa.

"Mama," in ji ta, "Talata ce zaɓe. In aka ga Leland a waje mun faɗi, kuma ofishin ya faɗi tare da mu."

Na so in watsa mata taliyar nan a fuska. Amma na dubi ƙarshen layi inda ofishin yake, na haƙura. Maƙwabta sun san gaskiya, su ma suka ja bakinsu, don kowa na da tsoho a gida. Jaridar garin kuwa ta daɗe da zama takardar talla, babu mai bin diddigi. Haka na sauke labule, na karɓi gaisuwar mijina yana raye, ina cewa na gode, na gode. Ranar zaɓe Leland bai fita ba. Tun yana saurayi bai taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, sai ranar. Ya zauna a kicin da rigarsa ta fita, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Curtis ya ci. Aka yi kaɗe-kaɗe, aka saki balan-balan. Sanyi na kamawa sai labari ya fito cewa sabon magajin gari ya duba asusu, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, za a rufe ofishin a sayar da ginin. Na kira Paige har na gaji. Rannan na ce wa Leland ya sa rigar sanyi, mu je Curtis ya gan shi da idonsa. Matakalar sakatariyar magajin gari ta fi ƙarfin numfashinsa, sai na bar shi a mota, na kunna masa na'urar ɗumi.

Na tare Curtis a baranda cikin 'yan rakiyarsa. Yana ganina ya kama hannuwana biyu, idonsa ya ciko da ƙwalla, kuma wallahi ba na wasa ba ne. A nan na farga. Yaron nan ya maimaita ƙaryarsa har ta zauna masa.

"Mama Geraldine, kullum yana raina," ya ce. "Ofishin dai ba yadda zan yi. Amma na sa sharaɗi, duk wanda ya sayi ginin sai ya kafa allon tagulla a bango da sunan marigayi."

Na buɗe baki, aka riga aka ja shi zuwa wani taro.

Na sauko a hankali, ina riƙe da ƙarfen matakala. Leland ya goge raɓar gilashi da hannun riga yana leƙena. Da na shiga ya tambaye ni me yaron ya ce. Na ce masa ya ɗaura bel. Na bi ta gada da gangan, ina duba tsawon lokacin da masu agaji za su ɗauka kafin su iso mana, dusar ƙanƙara ta fara sauka, motoci sun yi layi ba mai motsi.