'Yar Akuyar Baba

Tun da hantsi na haɗa wa Baba jakarsa: riguna, magunguna, robar shimfiɗa, da silifas ɗin nan da ba ya yarda ya sa. Yaya ya ce yau zai zo da mota ya kai shi gidan kula da tsofaffi. Bara ni na hana, har da rantse-rantse. Bana da ya sake tayar da maganar ko musu ban yi ba. Wallahi na gaji. Bayana ciwo, hannuwana sun yi kanta saboda wanki, kuma abin da ya fi ci mini rai, mutumin da nake yi wa wanka kullum "baiwar Allah" yake kirana. Yaya ya ce, "Tunda bai san ki ba, da ke da ma'aikaciyar can duk ɗaya ne a wurinsa."

Baba mai zanen katun ne a zamaninsa, irin na da, wanda ake zana kowane motsi da fensir, takarda a kan takarda, fitila na haskowa ta ƙasan tebur. Kamfanin da ya yi wa aiki ba ya sa sunan masu zane a ƙarshen fim. Sunan mai kamfani kaɗai ake rubutawa da manyan baƙaƙe, shi da ko ƙwai bai iya zanawa ba. Amma su masu zanen sun san hannun juna. Har yau, mutumin da ke manta ko ya ci abinci, da an kunna masa tsohon faifai sai ya gyara zama.

Na kunna masa ɗaya don in samu in share ɗakin.

"Hannun Dogo ne wannan," ya ce, yana nuna talabijin da yatsa. "Dubi karen, sai ya durƙusa tukuna kafin ya yi tsalle. Dogo ba ya barin dabba ta tashi ba ta nemi izinin ƙasa ba."

Na ci gaba da shara.

"Yauwa, an canja hannu. Sarkin Gaggawa ke nan. Rago! Bai iya yatsu ba, shi ya sa duk wanda ya zana hannunsa na cikin aljihu."

Na ɗaga kai, ai kuwa haka ne, har kyanwar da ke fim ɗin hannunta na goye a baya. Da can da na yi dariya. Ran nan raina ne ya ɓaci. Dogo abokin aikinsa ya rasu tun ina firamare, amma shi an tuna da shi, har da yadda karensa ke durƙusawa. Na buga tsintsiya da ƙasa.

"Dogo, Dogo! Dogo ne ke wanke maka zanin gado?"

Ya dube ni yadda ake duban baƙon da ya yi ɓatan kai. "Yi haƙuri baiwar Allah, kin tare mini talabijin."

Na matsa.

Sai ga wata 'yar akuya a fim ɗin, iska ta ƙwace mata balan-balan. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya cak, ta kai kofato ta murza kunnenta na hagu, leɓenta na rawa, sannan a hankali ta juya wa 'yan kallo baya. Kafaɗunta kawai ke motsi.

"Nawa ne," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. "Mai kamfani ya ce in sa ta kwarma ihu yara su yi dariya, na ƙi. Su Dogo kowa da madubi a teburinsa, fuskarsu suke kwaikwaya. Ni a gida nake samo nawa. Ina da wata 'yar ƙarama, Auta, taurin kai kamar me. Ba ta kuka a gaban mutane. Sai ta murza kunne ta ba ka baya." Ya juyo gare ni. "Ko kin san ta?"

Ni ce Autar. Na sha kallon akuyar nan tun ina yarinya, ban taɓa sani ba.

A waje motar Yaya ta yi hon. Na juya na fuskanci bango don kada tsohon ya ga fuskata.

"Tsaya," ya ce. "Kar ki motsa."

Sai a lokacin na ji yatsuna a kunnena na hagu.

"Ashe!" Na ji dariya a muryarsa, wadda rabona da ita har na manta. "Wannan ma nawa ne. Ko cikin dubu na ga aikina ina gane shi."

Na san gobe da safe baiwar Allah zai sake ce mini. Na san wanki na nan yana jirana, bayana ma bai daina ciwo ba.

Yaya ya turo ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Ke Auta, rana na yi. Ina jakar?"

Na ja jakar gefen gadon Baba na zauna a kanta.