Kogin da ke Ƙarƙashin Mota

Rami na biyu ma busasshen yashi ya fitar. Injiniya Muhsina ta koma inuwar gorubar da ta ajiye motarta, ta shimfiɗa taswira a kan bonet ɗin motar, ranta a ɓace.

Cindo, mai injin haƙa rijiyar burtsatse, ya biyo ta yana share gumi. "Hajiya, rami ɗaya ya rage. Da la'asar zan wuce Maigatari, ko da ruwa ko babu."

In ya tafi haka, mutanen nan Garin Barau sai su sake shekara suna zuwa ɗibar ruwa da jakuna har kusa da Sule Tankarkar. Ita kuwa taswira ga shuɗin layi ɓaro-ɓaro: tsohon kogi, ya taso daga yamma, ya ratsa gabashin gari. A kan layin Muhsina ta sa aka haƙa, sau biyu!

Inna Juwairiyya, Bafulatana mai tallan nono, tun hantsi take zaune a gindin gorubar tana kallon ikon Allah.

"'Yar nan, me kike nema a takarda?"

"Kogi, Inna."

"Ayyo! Ai ya tashi daga can tun ina budurwa. Shekarar da yashi ya toshe masa hanya ya karkato."

"Ya koma ina?"

Tsohuwar ta miƙa ludayi ta nuna. Goruba ce a jere, ɗaya bayan ɗaya, sun yi lanƙwasa ta bayan makabarta sun nufi arewa. "Goruba ba ta tsayawa inda ba ta shan ruwa. Shanunmu ma nan suke bi da rani."

Muhsina ta bi jerin da ido har ya ƙare a tayar motarta. Kunya ta kama ta.

"Inna, me ya hana ki faɗa tun safe?"

"Wa ya tambaye ni? Na ga kin ajiye mota a kansa, na ce ko ke kika riga kowa sani."

Cindo ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka ɗan janye motar gefe, aka kafa inji a wurin.

Ana kiran la'asar laka ta yi tsartuwa sama, ta sauko a kan bonet. Matan gari suka ɗauki guɗa.

Inna Juwairiyya ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta leƙa jiƙaƙƙiyar taswirar.

"To madalla. Yanzu kam akwai ruwa a takardar taki."