Rabin Darasin Zubair

Zubair mutum ne da in ya sa abu a gaba sai kowa a gidan ya ji a jikinsa. Tun da aka zaɓe shi cikin manoman shinkafar Kalgo da za a kai Japan koyon aikin injin dashe, ya cika wayarsa da manhajar koyon Japananci da ƙamus har biyu, ya hana matarsa Rumaisa sakat. Tana tuƙin tuwo, yana bin ta da waya. Manhajar mai hira ce, mutum biyu take so: wannan ya faɗi nasa, wancan ya amsa, ita kuma ta naɗi muryoyin ta nuna ko an yi daidai. Rumaisa ta yi ta yi masa tsiya, wai wanda Turanci ya kayar shi ne zai kama yaren da rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Amma tana amsawa, don tana son dariyarsa.

Ranar da zai tafi gonarsa ta wajen Diggi, darasin na fita da dawowa ne. Mai fita yana da abin da zai faɗa, na gida ya amsa. Suka yi wannan a bakin ƙofa. Sauran rabin na dawowa ne: shi ya ce "Tadaima", wato na dawo, ita ta ce "Okaeri", wato sannu da dawowa.

"Bari wanga sai na dawo da gaske," in ji Zubair. Ya bar wayar a caji ya fita.

Kwalekwalen da suka shiga zuwa gonar ya kife a ambaliya. Da aka gano gawarsa, can aka rufe shi, don ruwa ya datse hanya. Rumaisa ko likkafaninsa ba ta gani ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Gwaggonta Larai ta taso daga Gwandu ta zauna da ita takaba. Tsohuwa ce mai faɗa, mai barcin rana kamar an biya ta. A irin wannan lokacin, rana tsaka, unguwa ta yi tsit, wayar ta fara haske da kanta a kan akwati.

"Tadaima."

Muryarsa ce, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya faɗi baƙuwar kalma. Rumaisa ta san duk abin da ya naɗa, ta saurara har ta haddace. Wannan bai taɓa naɗarsa ba. A ƙasan allon, gurbin amsarta yana ƙyaftawa, yana jira.

Washegari haka, jibi haka. Rannan Gwaggo Larai ta farka ta ji da kunnenta, ta yi salati ta kama hannun yarinyar.

"Kak ki amsa hwa! Tun kina ƙarama mi aka gaya miki? Ba a amsa kiran wanda ba a gani ba, balle da rana tsaka. Wanda ya amsa na hwarko, na biyu ba shi iya ƙi nai."

"Gwaggo, waya ce kawai."

"To in waya ce, mi ya sa jikinki ke rawa?"

Tsohuwa ba ta tsaya nan ba. Ta aika wa Haliru, yayan mamacin, ya zo ya ɗauke abin nan a goge shi. Ya ce yana tafe gobe bayan la'asar.

Rumaisa ta kwana da tsoro, amma tausayi ya fi tsoron yawa. Mutum ya ce a bari sai ya dawo, kullum yana tsaye yana cewa ya dawo, gidansa kuma ya yi masa shiru kamar baƙon da ba a so. In Haliru ya goge wayar, shi ke nan, ba wanda zai taɓa yi masa sannu da zuwa.

Washegari rana ta yi tsaka. Gwaggo, duk da alkawarin gadi da ta yi, tana minshari a gindin darbejiya. Wayar ta haska.

"Tadaima."

Rumaisa ta kai bakinta kusa, hawaye na zuba. "Okaeri," ta ce a hankali.

Allon ya yi kore, an yi daidai. Sai ƙyauren gidan ya yi ƙara, kaji suka watse. Warin laka da ruwan gulbi ya cika ɗakin. Ta leƙa tsakar gida: ƙasa busasshiya ƙayau, amma ga sawu a jiƙe tun daga zaure har bakin ƙofarta. Gefen tabarmar da take zaune a kai ya fara yin sanyi.

Wayar ta buɗe sabon darasi da kanta. Muryar ta faɗi kalma ɗaya, cikin fara'a, ba daga wayar kaɗai ba. Rumaisa ba ta san kalmar ba. Ta taɓa ta a allon, ƙamus ya fito da ma'anarta: mu tafi.

Ta so ta kira Gwaggo. Ta buɗe baki, sai ta ji ba sunan Gwaggo ne ke fitowa ba, amsar kira na biyu ce.